HARSHE A BAKI YA KE: DARASI DAGA MASU KOYON JAPANANCI

Malamaina, iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina roƙo ku ba ni hankalinku kaɗan, domin ina so in yi magana a kan yadda a ke koya wa baƙi harshen Japan. Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Me ya haɗa ɗan makarantar kwana da Japananci, alhali ko Turancin bai gama da shi ba? To, ku yi haƙuri ku ji abin da ya same ni tukuna, sa'an nan ku yanke hukunci.

A dogon hutun da ya wuce ina zaune a shagon mahaifina, inda ya ke sayar da kayan gyaran babur, sai ga wani direba mutumin Togo ya shigo. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, sai Faransanci. Baba ya yi murmushi ya ce wa maƙwabtansa, "Ai yau an zo gidan sauƙi, ga ɗana nan shekara uku yana karanta Faransanci." Ya dube ni ya ce, "Kai, zo ka ji abin da baƙon nan ya ke so." Na ce, "To, Baba." Na gai da mutumin, ya amsa, ya ci gaba da zuba magana. Daga nan fa ido ya raina fata. Ni da na ci maki 78 a jarrabawar Faransanci, ni da zan iya jero sauye-sauyen aikatau tun daga sama har ƙasa ba tuntuɓe, sai ga shi na kasa tambayarsa ko guda nawa ya ke so. A ƙarshe da hannu a ka yi cinikin, kamar na kurame. Baba bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kurum shi ne, "Ashe na takarda ne." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Bayan kwana biyu sai yayana, ɗan wan mahaifina, ya zo gaishe da Baba. Shi ya yi karatun injiniya a Japan da tallafin gwamnatin ƙasar. Da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, ba kai ne daƙiƙi ba. An koya maka labarin harshe ne, ba a koya maka harshen ba." Ya ce shi wata shida ya yi a ajin Japananci kafin ya shiga karatunsa sosai, kuma cikin wata shidan nan ya iya sayayya, ya iya tambayar hanya, ya iya faɗa wa likita inda ke masa ciwo. Wannan ya sa da a ka dawo makaranta na yi ta bincike a kan al'amarin, kuma abin da na samo shi ne na ke so in baje muku.

Da farko dai ya kamata mu san cewa Japananci ba ƙaramin dutse ba ne. Rubutunsu iri uku ne a haɗe. Akwai hiragana mai alamomi 46, akwai katakana ita ma mai 46, sa'an nan akwai kanji, watau alamomin da su ka aro daga Sin, waɗanda kowace ɗaya ke ɗauke da ma'ana. A shekarar 2010 gwamnatinsu ta tsayar da 2,136 a matsayin kanji na amfanin yau da kullum, kuma yaron Japan yakan koyi 1,026 daga ciki a shekara shida na firamare. Makarantar da ke horar da jami'an jakadancin Amurka ta lissafa cewa mai jin Turanci yana bukatar sa'a 2,200 a aji kafin ya ƙware a Japananci, alhali Faransanci bai wuce sa'a 600 zuwa 750 ba. To, duk da wannan wuya, masu koyonsa sai ƙaruwa su ka yi. Ƙidayar Gidauniyar Japan, wadda a ka kafa a 1972 don yaɗa harshen da al'adun ƙasar, ta nuna masu koyo a ƙasashen waje kamar 127,000 ne a 1979, amma a 2021 sun kusa miliyan 3.8 a ƙasashe da yankuna 141.

Yaya a ka yi ta koya wa wannan taro haka? Hanyar ba ɗaya ba ce, ta yi ta sakewa. A 1922 wani Bature mutumin Ingila mai suna Harold Palmer ya je Japan don ya ba gwamnati shawara a kan koyar da Turanci, kuma ra'ayinsa shi ne kunne da baki su riga ido. Wani Bajapane da ya yi aiki tare da shi, Naganuma Naoe, ya ɗauki wannan ra'ayi ya juya shi wajen koya wa baƙi Japananci. Ya rubuta jerin littattafai, ya kuma buɗe makaranta a Tokiyo a 1948. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma sojan Amurka sun bukaci masu jin Japananci da gaggawa, sai su ka fito da hanyar maimaici: malami ya faɗi jimla, ɗalibai su amsa, ya sauya kalma ɗaya, su sake amsawa, har abin ya zauna a baki. Wannan hanya ta daɗe tana tashe bayan yaƙi. Tana gyara lafazi ƙwarai, amma aibinta shi ne ɗalibi yakan zama kamar aku. A aji bakinsa kamar reza, amma da ya fita waje a ka yi masa tambayar da ba ta cikin darasi sai ya yi tsuru-tsuru, kamar yadda na yi a shagon Baba.

A 1972 wani masani ɗan Amurka, Dell Hymes, ya buga wani bayani da ya girgiza malaman harsuna. Ma'anar maganarsa ita ce, sanin nahawu kaɗai ba shi ne sanin harshe ba. Sai mutum ya san maganar da ta dace da wuri, da lokaci, da wanda a ke yi wa ita. A Turai ma a shekarun nan masana su ka fara tsara darussa bisa bukatun mai koyo, watau yadda zai yi roƙo, ya ba da haƙuri, ya ƙi abu, ya nemi bayani, maimakon a jera su bisa babin nahawu. Wannan ita ce hanyar da ni zan kira koyo ta hanyar mu'amala. Ta shiga fagen Japananci ne sosai daga shekarun 1980, lokacin da baƙi su ka fara kwarara. A 1983 Firayim Minista Nakasone ya sa burin a kai ɗalibai baƙi 100,000 a ƙasar, alhali a lokacin ba su fi 10,000 da 'yan kai ba, kuma an cika burin a 2003. Waɗannan mutane ba don su fassara tsofaffin littattafai su ka je ba. Suna so ne su hau jirgin ƙasa, su kama hayar ɗaki, su fahimci malaminsu.

Bari in kwatanta muku yadda irin wannan aji ya ke, kamar yadda Yaya ya ba ni labari. Ya ce ranar farko malamarsu ta shigo ba ta yi Turanci ko kalma ɗaya ba. Ta nuna kanta ta faɗi sunanta, ta rusuna, ta nuna na kusa da ita. Kafin a tashi kowa ya gai da kowa, ya faɗi sunansa da ƙasarsa. Wata rana ta raba su biyu-biyu, ta ba kowane rabin jadawalin jirgin ƙasa, ta ce kada wanda ya leƙa takardar ɗan'uwansa. Dole sai ka tambayi abokinka ƙarfe nawa jirgi kaza zai tashi kafin ka cike taka. Ku lura da hikimar da ke nan. A ajinmu malami yakan ɗaga alƙalami ya ce, "Mene ne wannan?" alhali shi ya sani, mu ma mun sani, ya kuma san mun sani. Amma a can mai tambaya bai san amsa ba da gaske, saboda haka maganar ta zama ta bukata, kamar ta kasuwa. Wata rana kuma a mai da aji kanti, wannan mai saye, wancan mai sayarwa. Har aikin gida a kan ba su na su je su tambayi mutumin gari hanyar gidan waya, su dawo su ba da labari. In ɗalibi ya yi kuskure ba a katse shi, sai ya gama malama ta maimaita maganar daidai, ya ji da kunnensa.

A 2010 Gidauniyar Japan ta fito da wani ma'auni da ta gina a kan na Turai na 2001, wanda ke auna ɗalibi da abin da zai iya yi da harshe, ba da yawan ƙa'idojin da ya haddace ba. A kan wannan ma'auni a ka rubuta littafin Marugoto, wanda ya fito a 2013. Kowane darasi yana da burinsa a fili, misali ɗalibi ya iya yin odar abinci, ko ya iya gayyatar aboki, kuma a ƙarshe shi da kansa zai duba ko ya iya. A 2020 kuma su ka saki wani mai suna Irodori kyauta a intanet, domin baƙin da ke zuwa aiki Japan, wanda ya shafi zaman wurin aiki da sayayya da zuwa asibiti.

Ni a ganina wannan hanya ita ce daidai, kuma ina da dalilai uku. Na farko, Japananci harshe ne na ladabi, ladabi kuwa ba a koyonsa a allo. Kalmar "ci" kaɗai ta ishe mu misali. In kana maganar yau da kullum ka ce taberu. In babba ne ke ci sai ka ce meshiagaru don ka ɗaukaka shi. In kai ne ke ci a gabansa sai ka ce itadaku don ka ƙasƙantar da kanka. Yaya ya ce ya taɓa yi wa shehun malaminsa magana da irin Japanancin da ya tsinta wajen abokai a ɗakin kwana. Nahawunsa babu kuskure ko ɗaya, amma ɗakin ya yi tsit, kamar a ce yaro ya shiga fada ya ce wa Sarki "kai" ba ko "ranka ya daɗe". Haka kuma Bajapane ba ya son ya ce "a'a" ƙiri-ƙiri. In ka gayyace shi ya ce chotto, watau "kaɗan", ya ja bakinsa ya yi shiru, to ya ƙi ke nan. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin mun san abin da "sai na duba" ke nufi. Wanda ya haddace ƙamus kaɗai zai tsaya yana jiran a ƙarasa masa magana.

Dalili na biyu, akwai abubuwan da sai kunne ke kama su. A Japananci obasan inna ce ko gwaggo, amma in ka ja wasalin ka ce obaasan ka mai da ita kaka, ka kuwa ja wa kanka harara. Kite na nufin "zo", kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Kalmar hashi tana iya zama gada, tana iya zama tsinken cin abinci, ya danganta da inda murya ta hau. Yaya ya ce Turawan ajinsu sun sha wuya a nan, shi kuwa ko a jikinsa, domin wanda ya tashi yana bambanta garin da a ke zama da garin da a ke tuƙa tuwo ya riga ya saba da jan wasali da hawan murya. Wasulansu ma biyar ne kamar namu. Amma da a takarda kurum a ka tsare shi, da wannan baiwa ba ta amfane shi da kome ba.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi, domin ya shafi rai. Ranar 17 ga Janairu 1995 girgizar ƙasa ta auka wa birnin Kobe, mutum fiye da 6,000 su ka rasu. Baƙi da yawa sun shiga uku domin ba su gane sanarwar hukuma ba, ba su san inda za su sami mafaka ko ruwa ba. Bayan wannan masifa ne masana, musamman na Jami'ar Hirosaki, su ka tsara abin da a ke kira sassauƙan Japananci. Maimakon a yi amfani da babbar kalmar ofis mai nufin ƙaura daga wurin haɗari, sai a ce wa mutum, "Gudu zuwa wuri mai tudu." Wannan ya nuna mana cewa amfanin harshe shi ne saƙo ya isa. Ranar da ƙasa ta motsa ba wanda zai tambaye ka makin da ka ci.

Amma kada in yi son kai, masu sukar wannan hanya su ma suna da hujja. Suna cewa ɗalibin da a ka bari yana ta surutu ba gyara, kuskurensa yakan daskare a bakinsa har tsufa. Suna kuma cewa duk iya zancenka, ba za ka karanta kanji da shi ba. Akwai abin da ya faru da ke goyon bayansu. A 2008 Japan ta fara karɓar ma'aikatan jinya daga Indunusiya, a 2009 kuma daga Filifin. An ba su horon harshe na wata shida, su ka shiga asibitoci suna aiki suna hira da marasa lafiya. Amma sharaɗin zamansu shi ne su ci jarrabawar ƙasa ta aikin jinya, wadda ke cike da kanji masu wuya na likitanci. A 2009 mutum 82 su ka zauna, ba wanda ya ci. A 2010 mutum 254 su ka zauna, 3 kaɗai su ka haye. Sai daga baya a ka sassauta, a ka rubuta musu yadda a ke furta alamomin, a ka kuma ƙara musu lokaci. Waɗannan ƙwararru ne a ƙasashensu, rubutu ne ya kā da su.

Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma ni abin da na fahimta daga ciki shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu Marugoto ma sun gane haka, shi ya sa a matakan farko su ka raba shi littafi biyu, ɗaya na ayyukan magana, ɗaya na fahimtar nahawu da rubutu. Littafin Minna no Nihongo na 1998, wanda ya bi tsarin jimla bayan jimla, shi ma bai rasa masoya ba, kuma Yaya ya ce da shi ya riƙa bita da dare. Ashe gardamar ba ta a zubar da nahawu ba ce. Tambayar ita ce, wane ne ubangida, wane ne bara? Ni na ce magana ce uwar gida, nahawu mai yi mata hidima ne. Wanda ya fara jin yunwar faɗin abu, in an ba shi ƙa'ida zai riƙe ta gam, domin ya san ranarta.

Akwai kuma wata matsala da ta fi ƙarfin malami, watau jarrabawa. Babbar jarrabawar ƙwarewa a Japananci, wadda a ka fara a 1984 da mutum kamar 7,000, an sake mata tsari a 2010 zuwa mataki biyar, daga N5 zuwa N1. Tana auna kalmomi da nahawu da karatu da sauraro, duk ta hanyar zaɓen amsa, amma ba ta auna magana. Saboda haka mutum na iya riƙe babbar takarda alhali bakinsa a ɗaure. Ɗalibi kuwa duk inda ya ke a duniya, abin da za a tambaye shi ranar jarrabawa shi ya ke karantawa. Muddin ba a ba magana maki ba, to za a riƙa yi mata kallon wasa.

To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Na san karambanin akuya ne gai da kura, yaro kamata ya ba malamansa shawara, amma ina roƙo da ladabi. Malamanmu na harsuna suna ƙoƙari, ga aji cike da ɗalibai, ga manhaja mai tsawo. Duk da haka raba mu biyu-biyu na minti goma a kowane darasi ba ya bukatar kuɗi ko na'ura. A kuma ware ko maki goma ne na magana a jarrabawar zango, za a ga yadda bakuna za su buɗe.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, laifinmu ya fi na kowa. Da yaro ya miƙe ya yi kuskure a Turanci sai aji ya fashe da dariya, a laƙaba masa suna, a bi shi da shi har ɗakin cin abinci. Na san wani a ɗakin kwananmu da ya fi mu duka iya rubutu, amma tun da a ka yi masa haka a aji ɗaya bai ƙara ɗaga hannu ba. Yaya ya ce a ajinsu na Japan akwai likita, akwai injiniya, akwai mai furfura, kowa yana kwaɓawa kamar jariri, ba mai yi wa wani dariya. Da koyo a kan iya, kuma ba a koyon iyo a tudu.

Iyayenmu kuma ina roƙonku, in mun kawo sakamako gida kada ku tsaya ga lambar da ke jiki. Ku sa mu karanta muku takardar magani, ku sa mu yi wa baƙo tafinta, ku ji ko na baki ne ko na takarda. Gara mu ji kunya a gabanku yau da mu ji ta a gaban duniya gobe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai tun farkon zangon nan na sami abokai uku, kowace Asabar bayan wanki mukan zauna gindin darbejiyar bayan ɗakin kwana, mu buɗe kantin ƙarya mu yi ciniki da Faransanci na rabin sa'a. Dokarmu ɗaya ce, ba dariya. Duk mai so ƙofa a buɗe ta ke. Direban nan na Togo ya ce wa Baba, da hannu, zai dawo bayan damina, kuma na yi alkawari a raina wannan karon ni zan faɗa masa farashi. 

Daga wani ɗalibin aji biyar